Furen Hajiya da Ruwan Alwala

Ranar Asabar da ta wuce Sani ya shigo gidan nan na Kubwa da magini, suna auna tsakar gida da igiya. Wai za a shimfiɗa siminti tun daga ƙofa har bakin rijiya, motarsa ta samu wurin kwana. Ina zaune a tabarma ina jin su. Maginin ya nuna gwangwanayen furen da ke jere a gindin katanga, ya tambaya ina za a kai su. Sani bai ko rage murya ba.

"A kwashe su. Ai wannan furen ne ya sa aka kore mu daga Garki."

Ba na musu da ɗana a gaban baƙo. Da suka fita na ce wa 'yata Rabi ta ɗauko takarda da biro. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma abin da ya faru yana nan a kaina daram. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa, kuma na ce kada ta gyara mini magana. Ku 'ya'yana, ku biyar ne, kowannenku ya taso da rabin labarin nan. Ga cikonsa.

Na je Legas shekarar da fari ya cinye mana gona da dabbobi a ƙauyenmu na ƙasar Katsina. Na yi dako, na yi gadi, na kwana inda ba zan faɗa ba. Daga ƙarshe na tsaya a ga-ruwa, garwa biyu a sanda, sanda a kafaɗa. A nan na san gidan Alhaji. Babban ma'aikaci ne a wata ma'aikata ta tarayya, yana zaune da matarsa Hajiya Binta a hawa na uku na wani bene. Famfon gidan sai ya yi sati bai ɗigo ba. Ni ke hawa da ruwa, sau shida, sau bakwai a yini. Duk wanda ya hau bene uku da garwa biyu ya san nauyin ruwa, ba sai an karanta masa ba. A barandar Hajiya akwai wata tukunyar ƙasa da fure a ciki. Ja ne, yana fitowa dunƙule-dunƙule a kan dogon tsinke. Ganyensa zagayayye, mai gashi-gashi, in ka murza shi warinsa sai ya yini a hannunka. Hajiya tana kiransa jiraniyam. Ni bakina bai taɓa iyawa ba, furen Hajiya kawai nake ce masa. Daga gidan mahaifiyarta a Jos ta ɗauko shi. Tsohuwar ta rasu, an sayar da gidan, 'yan'uwa sun raba kaya, ita wannan tukunyar ta ɗauka. Ba shi da wani kyau a lokacin. Ganye huɗu, fure ɗaya, kamar mai jinya.

Wata shekara Hajiya ta tafi aikin hajji, ta bar mini shi amana. Gaskiya ita ce rowa na yi masa. Na ce ruwan da na hau bene da shi ba zan tuttula wa ciyawa ba. Sai in cusa yatsa a ƙasar tukunyar. In na ji sanyi, in wuce. In na ji ta bushe har gaɓa ta biyu ta yatsana, in ba shi moɗa ɗaya. Da Hajiya ta dawo ta tarar da shi ya cika tukunya, fure ta kowane gefe. Ta tsaya tana kallo.

"Audu, me ka yi masa?"

"Ba komai, ranki ya daɗe."

"A'a, kana da hannu. Daga yau ka ajiye garwar nan."

Haka na zama mai kula da furen Hajiya, da shara, da aike. Akwai wani abu da ban gaya mata ba, kuma shi ne kuskurena na farko. A watan da ba ta nan, garwata ta bugi tukunyar, reshe biyu suka karye. Ɗaya na soke shi nan take a ƙasa, na ba shi ruwa don tsoro. Ya ruɓe cikin kwana huɗu. Ɗayan ya faɗa bayan tukunya ban gani ba, sai bayan kwana biyu, ya yi yaushi, bakin karayar ya ƙame. Na cusa shi a gefen da ƙasa ta bushe don in ɓoye ɓarna. Shi ne ya kama. Rabin cikar da Hajiya ta gani daga wannan reshen ne. Na koyi abu biyu na yi shiru da su: furen nan ba ya son ruwa, kuma in za ka dasa reshensa sai ka bar ciwon ya bushe tukuna.

Sai aka ce gwamnati za ta tashi daga Legas ta koma Abuja. Shekaru ana faɗa ba wanda ya yarda, sai ga tireloli a bakin ma'aikatu ana loda tebura da takardu. Alhaji yana cikin waɗanda aka ce su yi gaba. Lokacin na riga na auri mahaifiyarku, Hanne. Sani yana da shekara bakwai, Rabi tana goye. Hajiya ta ce mu biyo su. Kwana biyu muka yi a bayan babbar mota tsakanin kujeru da katifu, tukunyar furen a kan cinyata. Duk ramin da mota ta faɗa, tukunya na riƙe, ban riƙe 'ya'yana ba. Hanne ta lura da wannan. Ta ajiye shi a ranta.

Abuja a wannan zamanin ba wannan da kuke gani ba ce. Tituna masu faɗi ba kowa a kai, gidaje sababbi fenti bai gama bushewa ba, ko'ina jar ƙasa. An ba Alhaji gida a Garki, ba bene ba, da fili gaba da baya. Mu aka ba mu ɗaki biyu a boyis kwata. Akwai lantarki. Akwai famfo a ƙofar ɗakinmu. Hanne ta murɗa shi, ruwa ya zubo da ƙarfi har ya fantsal mata a zani. Ta kashe, ta sake murɗawa, ya sake zuwa. Ta zauna a dakali ta yi ta kallonsa. An sa Sani a makarantar 'ya'yan ma'aikata, nan kusa, da ƙafa yake zuwa. Ban taɓa zama wuri irin wannan ba, kafin nan da bayan nan. Ina faɗa ne don ku san na san abin da na rasa. Ba sai wani ya tuna mini ba.

Ruwan nan shi ya haukata gidan. Mutanen da suka yi shekara goma sha wani abu suna wanka da rabin bokiti, sai ga famfo ba ya ɗaukewa. Bitrus direba sai ya wanke mota sau biyu a rana, ya bar tiyo a ƙasa yana zuba. Hajiya ta sa aka wanke labulen da aka sayo jiya. Sati biyu da zuwanmu ta kira ni ƙofar gida, ta nuna wani wuri a gefen baranda.

"Nan za ka dasa shi. Ya gaji da tukunya. A gidanmu a ƙasa yake."

"Ranki ya daɗe, ƙasar nan laka ce. Tana riƙe ruwa."

"To ba shi ke nan ba? Ba zai ji ƙishirwa ba."

"Ba ya son ruwa."

Ta yi dariya. Ta ce ita ba ta taɓa jin tsiron da ba ya son ruwa ba, rowar ga-ruwa ce ba ta sake ni ba. A nan ya kamata in ba ta labarin reshen nan biyu. Ban ba ta ba. Na ji kunyar in ce na taɓa karya mata fure na ɓoye. Na ɗauko shebur na haƙa. Na faki idonta na zuba yashi da tsakuwa a ƙasan ramin, iyakar abin da na iya ke nan.

Da an bar shi haka, wataƙila da ya jure. Amma unguwar ba masallaci tukuna. Alhaji mutum ne mai son jam'i, sai barandarsa ta zama masallacin layin. Maƙwabta duk ma'aikata ne irinsa, daga Kano, daga Zariya, daga Sakkwato, kowa an baro shi da iyali rabi a can rabi a nan. Lokacin salla na yi sai ka ga an fito da butoci. Ranar farko Alhaji ya duba inda zai tsuguna, ya ga furen, ya sa Bitrus ya mirgino wani faffaɗan dutse ya ajiye a gindinsa. Ya ce ruwan alwala bai kamata ya tafi a banza ba, ga mai rai a kusa. Kowa ya ce madalla. Daga ranar, mutum takwas, wani lokaci goma sha biyu, kowa da cikakkiyar buta, sau biyar a yini ranar hutu, sau uku ranar aiki, duk a gindin tsiron da moɗa ɗaya ke isarsa kwana huɗu. Kuma damina ta sauka. Ruwan Abuja ba ya wasa. Indararon baranda ma nan yake zuba.

Ku gaya mini yadda ɗan ga-ruwa zai cewa babban ma'aikacin gwamnati ya daina alwala a ƙofar gidansa. Na rasa ta inda zan fara. Da sassafe na mirgine dutsen zuwa gindin wani mangwaro da na dasa, wanda yake neman ruwa ido rufe. Kafin azahar an mayar da shi. Na sake ɗaukewa, aka sake mayarwa. Na yanko ƙaya na kewaye furen. Wani abokin Alhaji, darakta ne a wata ma'aikata, mai yawan jawo aya a cikin hira, ya ture ƙayar da takalminsa ya dube ni.

"Kai Malam Audu, kana hana tsiro ruwan alwala? Ka san ladan da kake tare mana kuwa?"

"Ranka ya daɗe, kashe shi yake yi."

"Ruwan alwala? Subhanallahi. Alhaji, ka ji mutumin naka."

Suka yi dariya. Alhaji ya ce in bar su su samu ladansu, ni in samu nawa a shara. Mutanen kirki ne, duk cikinsu ba mugu. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugunta suke yi da na san yadda zan yi da su.

Ganye ya fara rawaya daga ƙasa. Hajiya ta gani, ta ce ƙishirwa ce, zafin garin nan ya fi na Legas. Ta fito da kanta da jug tana ƙara masa safe da yamma. Bitrus ya ga uwar gida ta damu, shi ma ya riƙa juya masa tiyo in ya gama da mota.

"Oga Audu, Hajiya ya ce a ba shi ruwa sosai. Ni ba ruwana."

Kullum sai in cusa yatsa in ji ƙasar kamar kunu. Wata safiya na tone gindin da hannu. Karan ya yi baƙi, ya yi laushi, na matsa shi ruwa mai wari ya fito. Baƙin ya hau kamar faɗin yatsa uku. Washegari ya kai huɗu. Na san ciwon, shi ya kashe reshen farko a Legas. Daga ƙasa yake hawa, ba ya komawa. Saman furen yana nan kore shar, har da jan fure uku, wanda bai sani ba sai ya ce lafiya lau. A ranar Hajiya ta tafi Kaduna suna, ta ce kwana uku za ta yi.

Na shiga ɗaki na ɗauko sabuwar reza. Hanne tana tankaɗe a ƙofa. Ta dubi rezar, ta dube ni.

"Malam, ba naka ba ne."

"Na sani."

"Ka jira ta dawo ka nuna mata."

"Kafin kwana uku baƙin ya kai sama. Ba abin da zai rage."

"To ya mutu a hannunta mana. In ya mutu a hannunta ƙaddara ce. In ya mutu a naka, mu ne."

Gaskiya ta faɗa. Na san gaskiya ta faɗa tun a lokacin. Na tsaya a ƙofar, ga famfo, ga allon makarantar Sani jingine da bango. Zan iya yin shiru in ci gaba da shara, furen ya mutu, Hajiya ta yi kuka, a ce Allah ya yi kwanansa sun ƙare. Ba wanda zai ce Audu. Amma amana aka ba ni, kuma kwana biyu na riƙe abin nan a cinyata. Na kasa. Ku kira shi taurin kai in kun so, mahaifiyarku ma haka ta kira shi.

Na yanka duk reshen da baƙin bai kai ba, ƙasa da gaɓa kaɗan, kowanne tsawon tafin hannu. Guda tara suka fita. Na cire ganyen ƙasa, na bar biyu-biyu a sama. Na cire furannin duka, don reshe ba ya iya ciyar da fure yana neman saiwa. Na shimfiɗa buhu a inuwar bayan kicin na jera su, bakin yankan ya sha iska ya ƙame. Niyyata washegari in dasa su a yashi, a gwangwanaye, ƙarƙashin rumfa. In Hajiya ta dawo ta tarar da tara a tsaye maimakon ɗaya a kwance, in yi mata bayani.

Washegari da hantsi motarta ta shigo. Ashe an yi sunan an gama, ta ce ba abin da za ta zauna yi. Ina can bakin gini na gaba ina ɗebo yashi. Da na dawo na tarar da ita tsaye a gaban kututture. Jajayen furannin suna cikin kwandon shara. Bitrus ya riga ya kai ta bayan kicin ta ga rassan a kan buhu, sun yi yaushi kamar rama a rana. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi.

"Audu, me na yi maka?"

"Ranki ya daɗe, ruɓewa yake. Ki duba gindin."

"Ka yanka shi, ka shanya shi kamar kuɓewa."

"Sai ciwon ya bushe yake kamawa."

"Wa ya gaya maka?"

Nan ma ban faɗa ba. Na ce na dai sani. Ta ce abin da ya rage mata na mahaifiyarta ke nan a duniya, ba zane, ba kwano, ba hoto mai kyau, sai wannan. Ta durƙusa da kayan sunan a jikinta, ta tattara rassan, ta kai su ramin nan dai, cikin lakar nan dai, ta soke su da hannunta. Ta ce Bitrus ya kawo tiyo. Ina tsaye da bokitin yashi ina kallo ana kashe su.

Bayan la'asar Alhaji ya kira ni. Bai ɗaga murya ba shi ma.

"Audu, ni ban san kan fure ba. Amma ba ta son ganinka, kuma gidan nata ne. Zuwa Juma'a."

Ranar Juma'a muka koma Nyanya. Ɗaki ɗaya, rufin kwano mai yoyo, bayan gida ɗaya na gidaje bakwai. Lokacin duk wanda birni ya tofar nan yake faɗawa, leburori, masu gadi, 'yan tasha. Ba famfo. Na samu kura da jarkoki na koma sana'ata ta farko. Mutumin da aka kora don ya hana ruwa, ga shi yana yawo yana kiran a sayi ruwa. Makarantar Sani ta 'ya'yan ma'aikata ce, da muka bar gidan aka cire sunansa. Shekara biyu yana zaune kafin na samu wadda za ta karɓe shi, aka ajiye shi aji ɗaya da ƙannen bayansa, yana zaune a baya gwiwarsa ba ta shiga benci. Sani, na san wannan ne ke cinka har yau, ba Garki ba. Ban taɓa ce maka ka yi haƙuri ba. Ga shi na ce, Rabi ta rubuta. Tarin da mahaifiyarku ta yi ta fama da shi har ƙarshenta, a danshin ɗakin nan ta same shi. Shi ma na sani.

Wata guda Hanne ba ta yi mini maganar da ta wuce ga abinci ba. Wata rana na zaga bayan ɗakin neman igiya. Ƙarƙashin bakin kwano, inda ruwan sama ba ya kaiwa, na ga gwangwanin madara biyu. An huda gindinsu da ƙusa, an cika su da yashin kwata da aka wanke. A kowanne akwai ɗan kara. Na gane yankan rezata. Ashe ranar da Hajiya ta tattara rassan, ta bar biyu mafi ƙanƙanta a kan buhu, ta ɗauka sun mutu. Hanne ta naɗe su a bakin zani. Ɗaya ya riga ya bushe. Ɗayan na ɗan ja shi a hankali, ya riƙe ƙasa. A samansa ga sabon ganye kamar kunnen ɓera. Na ɗauko gwangwanin na shiga ɗaki.

"Ke, wannan fa?"

"Ajiye shi inda ka gan shi."

"Na ɗauka ba kya ƙaunarsa."

"Ba na ƙaunarsa. Amma an kore mu a kansa, sai kuma ya mutu? Mu tashi ba gida ba fure?"

"Ruwa fa, yaya kike ba shi?"

Ta ɗaga yatsarta ta nuna mini gaɓa ta biyu. Shekaru tana kallona ina yi, ban san tana kallo ba.

Bayan wasu watanni na haɗu da Bitrus a tashar Nyanya. Ya ce rassan Hajiya bakwai duk sun ruɓe tun a satin farko, ramin yana nan ba komai, kuma ta hana a dasa wani abu a wurin. Na kawo wa Hanne labarin. Lokacin namu ya yi rassa. Ta ce in yanka ɗaya. Na yanka, na bar shi kwana a inuwa, na dasa, ya kama. Da ya fitar da jan fure na farko, ta yi wanka, ta goya Rabi, ta sa gwangwanin a cikin kwano ta hau mota zuwa Garki. Ta ce ni in zauna, bakina ba ya gyara komai. Ta dawo da yamma hannu wayam. Na tambaye ta yaya aka yi, ta ce an karɓa, an gode. Shi ke nan abin da ta ce, ni kuma ban tona ba.

Sauran labarin sai bayan shekara ashirin da wani abu na ji shi, a gidan nan, tana kwance a ɗakin da Rabi ke zaune yanzu, sati biyu kafin ta cika. Ta ce akwai abin da ta ɓoye mini. Ta ce ranar da ta kai gwangwanin, Hajiya ta murza ganyen ta shinshina, ta zauna a ƙasa tana hawaye. Ta ce a gaya wa Audu ya dawo gobe, ɗakunan suna nan, za a mayar da yaro makaranta. Hanne ta ce har ta buɗe baki za ta yi godiya. Sai Hajiya ta taɓa yashin gwangwanin, ta juya ta ƙwala wa Bitrus kira.

"Kawo ruwa maza. Dubi yadda suka bar shi ya bushe ƙamas."

Hanne ta ce ta duba baranda, dutsen alwala yana nan inda yake. Ta ce wa Hajiya an gode, amma Malam ya samu wani aiki. Ƙarya ce, ba ni da komai sai kura.

"Me ya sa?" na ce mata.

"Da mun koma, da ka sake yankawa. Da an sake korarmu. Kora ɗaya ta ishe ni."

"Da kin tambaye ni."

"Da ka ce mu koma saboda yara. Sannan ka sake yankawa."

Na yi fushi da ita tana kan gadon mutuwa, Allah ya yafe mini. Na fita na zauna a waje. Da na huce na ga ba inda ta yi ƙarya. To ga shi kun ji. Ni na yanka, ita ta ƙi komawa. In za ku yi fushi ku raba shi biyu, amma nata kason ku kawo mini, ni zan ɗauka.

Na Hajiya ban san ƙarshensa ba. Namu ya rayu. Daga gwangwani ɗaya ya zama biyar, ya zama talatin. Ma'aikatu suna ta tasowa daga Legas, kowane sabon gida yana son abin da zai sa a ƙofa. Na ajiye kura na samu gefen titi na jera gwangwanaye. Na ƙara wasu furannin, amma wannan shi ne uwa. Duk wanda ya saya sai na kama yatsarsa na cusa a yashi na nuna masa. Rabinsu ba sa ji, bayan wata biyu su dawo su sayi wani. Da wannan aka sayi filin nan, da shi aka yi ginin, da shi Sani ya gama makarantar da ya fara a makare. Tsakar gidan da ake aunawa da igiya, gwangwanin madara ne ya haife ta. Waɗanda ke gindin katanga jikokin jikokin wanda mahaifiyarku ta naɗe a zani ne. Ba ya daɗewa, furen nan. Shekara biyu, uku, sai ya tsufa ya yi itace. In ba a yanka an sake dasawa ba, ya ƙare. Duk shekara nake yankawa tun daga Nyanya, ban taɓa tsallake ɗaya ba.

Sani, ka zuba simintinka, mota ma tana son wuri. Ka bar mini taku uku a gindin katangar gabas, ƙarƙashin rumfa. In na mutu kuma kuka ga ba mai iyawa, kada ku zubar, ku ba wanda zai ji magana.

Saura abu ɗaya, kuma kai za ka yi shi, don ni ba na iya buɗe baki a gaban surukata. Matarka yarinyar kirki ce, tana son lada. Tun da kuka tare a gidan nan nake ganin ganye yana rawaya ban gane ba. Shekaranjiya da azahar na gan ta da buta, tsugune a gindin gwangwanayen. Ka gaya mata akwai mangwaro a bayan gida.